Maɓallan Baba Mai Madubi

"Wa ya raba su?" Baba Mai Madubi ya buga hannu a kan faranti, maɓallaina suka watse har ƙarƙashin gado. "Ke nake tambaya, wa ya raba su?"

Auta ta tsaya da littafi a hannu, idonta ya cika da ƙwalla. Ni kuma ina bakin ƙofa da butar ruwan zafi, na rasa shiga zan yi ko komawa.

Baba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti yana leƙen ƙwayoyin cuta da madubin ƙara girma, shi ya sa sunan ya bi shi. Auta 'yata ce, irin aikin nasa take karanta. Ta faɗi jarrabawar rabe-raben ƙwayoyin cuta, makaranta ta ce dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa sai gida. Ni tela ce, in ba awo da yanka ba babu abin da na sani. Haka na cire kunya na je na roƙi Baba ya koya mata, duk da ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Bai ko bari na gama ba. "Kawo min maɓallai, masu ruwan hoda kawai." Wai akwai ƙwayoyin da in an zuba musu rini haka suke fitowa, kuma a cikinsu akwai wani babban dangi mazauna hanji. Da muka kai masa, ya tara maɓallan wuri ɗaya a faranti yana kiransu kamar jikokinsa. Wannan E. coli ne, babban yaya. Wannan Salmonella, mai kawo taifot. Wani mai tsagaggen baki kuma ya ce shi ne Proteus, ɗan yawon gidan, in ka ajiye shi sai ya mamaye faranti.

Ana cikin haka Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, a sabon littafinsu an fitar da Proteus daga dangin. An bincika ƙwayoyin halittarsu, an ga kama ce kawai ta yi yawa, sai aka raba su gida-gida. Abin da ya jawo bugun faranti ke nan.

Muka dawo gida jiki a sanyaye. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce tsoho da taurin kai, zai ƙarasa rikita min yarinya.

Washegari ina kan keke sai ga Gwaggo, matarsa. "Wai a turo masa malamarsa, in ji shi."

"Ɗalibarsa dai, Gwaggo."

"Ni dai abin da aka aiko ni na faɗa."

Muka same shi an jingina shi da filo, an tsince maɓallan tas. Ya dubi Auta. "Jiya na yi wauta, 'yar nan. Mu a zamaninmu da ido da hanci muke gane su, sai irin sukarin da kowannensu ke ci. An raba gida ina kwance, ba wanda ya gaya min. To ba zan tafi da tsohon labari ba. Zauna ki koya min."

Ban taɓa ganin ɗalibi mai wahalarwa irinsa ba. Ta katanga nake jiyo su. Auta ta ce an mayar da wannan can, ya ce, "Saboda me?" Ta ce haka littafi ya ce, ya ce, "Littafi ne zai shiga jarrabawar ko ke?" Sai ta dawo tana ƙunƙuni, ta kifa kai a karatu don ta samu abin ba shi amsa. Yarinyar da a da sai na yi da gaske take buɗe shafi! Wani lokaci numfashi ya gagare shi, Gwaggo ta ce a bari haka, shi kuwa ya ɗaga yatsa alamar a ci gaba. Batun Proteus ne kaɗai ya ƙi saurin yarda. "Yaron nan a gabana ya girma," in ji shi.

Ranar jarrabawa ta leƙa ta gaishe shi, ya buɗe ido ya yi mata nuni da ƙofa. Kafin ta dawo takalman masu ta'aziyya sun cika bakin gidansu. A tsakar gida na tare ta, ta kifa kai a kafaɗata, muka yi kukanmu.

Da sakamako ya fito ta ci, har da maki mai kyau. Na rasa wa zan yi wa godiya ido da ido, sai na yi ta yi masa addu'a ina taka keke. Allah ya jiƙansa, ya yi mana abin da dangi ba su yi ba.

Da yammacin ranar Gwaggo ta shigo riƙe da farantin da hannu biyu, tana takawa a hankali.

"Shi ya jera su da kansa, bayan kin tafi jarrabawa," ta ce wa Auta. "Ya ce kar wanda ya taɓa. Wai ki duba ko ya ci."

Auta ta durƙusa. Ta bi tarin ɗaya bayan ɗaya da ido, leɓenta na motsi. Ta daɗe kafin ta ɗago.

"Ya ci, Gwaggo."

Na ɗora farantin a kan teburin yanka, kusa da taga. Mai tsagaggen bakin yana cikin sabon gidansa, amma a can gefe, dab da tsofaffin 'yan'uwansa.