Abin da Mama Ke Barbaɗa Mini a Miya

Shekarar da na yi ƙiba, a ita na daina sha'awar mijina. Ni tela ce, na san awon ƙugun kowace mace a layinmu, amma nawa sai da siket-siket ɗina suka ƙi shiga ɗaya bayan ɗaya kafin na yarda. Tumbi ya fito, fuska ta kumbura, kuma in maigidana ya matso sai jikina ya yi shiru kamar na wata. In na daure ma, zafi nake sha. Har ya fara cewa in na gaji da auren in faɗa masa, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ina son mutumin nan, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Likitar mata ta auna ni, ta ce kitsen da ya taru a cikina da sukarin da ya hau sun isa su kashe wa mace sha'awa, su kawo bushewa. Sai ta tsare ni da ido.

"Wane maganin ƙiba kike sha?"

Na ce babu. Ta sake tambaya, na fito ina jin haushinta.

Gidan Mama yana bayan shagona, can nake cin abincin rana. Ranar da aka ɗauke wuta na rufe shago da wuri. Ba ta ji sallamata ba, na same ta a kicin tana murƙushe fararen ƙwayoyi da bayan cokali, tana barbaɗawa a kwanon miyata.

"Mama, mene ne wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Na ƙarin jiki ne. Da ai kin bushe, 'yar nan, sai ka ce ba a ba ki abinci."

Na zauna a kan bokiti. Na ajiye kunya gefe, na gaya wa uwar da ta haife ni abin da ƙwayoyin nan suka yi wa shimfiɗata, har da maganar rabuwa.

Cokalin ya suɓuce mata.

"Rabuwa? Shi da bakinsa?"

"Shi da bakinsa."

"To ai shi yake kawo mini su," ta ce a hankali. "Ya ce in rufa masa asiri, so yake ki ɗan cika."