Kuncin Dama na Tsohon Tela

Ofishina yana ƙarƙashin ginin asibiti, bayan ɗakin na'urar da ke ƙona ciwo da haske, kuma ba shi da taga. Abokan aiki suna kirana Na-Ƙasa. Ba sa saukowa sai in suna neman sa hannuna, ko in an rasa wanda za a ɗora wa laifi. Aikina lissafi ne: likita ya nuna inda yake so hasken ya sauka, ni kuma in auna ta inda zai shiga da yawan da zai isa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Na san cikin kan ɗaruruwan mutane, amma ko ɗaya ba zan gane shi a hanya ba, kuma abin yana cin raina.

Wata Talata aka turo mini hoton kan wani tsohon tela mai ciwon jijiyar fuska. Ciwo ne mai fizga kamar lantarki, iska ko tauna kaɗai sun isa su tayar da shi. Na tsara hanya biyu. A ta farko, hasken zai bi tsawon jijiyar har milimita shida. Ciwon ya fi saurin mutuwa, amma kuncin yana iya mutuwa tare da shi, a taɓa mutum bai ji ba. A ta biyu, hasken zai taru a ɗigo guda. Kuncin ya fi tsira, sai dai ciwon yana iya dawowa.

Likita ya leƙo, ƙafa ɗaya a waje kamar kullum. "Ta farko mana, Na-Ƙasa. Ɗan shekara saba'in, me zai yi da kunci?"

Ni ma ita na zaɓa a raina. Sai ga ma'aikaciyar jinya da takardar amincewa babu sa hannu, wai tsohon ya kafe sai ya ga mai lissafin da idonsa. Na hau bene ina gunaguni.

Na same shi zaune shi kaɗai, ya naɗe rabin fuskarsa na dama da ƙyalle, yana magana ta gefen baki.

"Ɗana, kai ne mai awon? Ni ma awo ne sana'ata. Nuna mini yadda za ka yanka."

Na zana masa duka biyun a bayan takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan ɗigon.

"Matata shekara takwas ba ta gani," in ji shi. "Da hannu take dubana. Tun da ciwon nan ya zo, in ta miƙo hannu sai in kauce. Shekara huɗu ke nan, ita kuma ta ɗauka gudunta nake yi. In za ta taɓa, ina so in ji."

"Baba, ciwon fa yana iya dawowa."

"Bari ya dawo. Ai mun saba da juna."

Likita ya ja tsaki, amma ya sa hannu. Aka yi aikin da safe, tsohon ya tafi, na koma ƙasa wurin hotunana.

Bayan shekara ɗaya da rabi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali. Shi ne, ya rame, ya sauko benen nan duka yana dafa bango, da ƙyalle a fuska.

"Ya dawo, Baba?"

"Ya dawo." Ya zauna a kujerar da nake tara fayil a kai, bayan na kwashe su. "Wata goma sha ɗaya matata tana taɓawa ina ji, kafin ya dawo. Allah ya saka maka da alheri. Watan jiya muka kai ta makwancinta."

Na yi masa ta'aziyya, bakina yana harhaɗa kalmomi, don na manta rabon da in yi wa wani. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ya jira har na gama.

"Wancan zanen na farko, mai milimita shida," ya ce. "Ka yar da shi?"

"Yana nan, Baba."

"To, a yi mini shi yanzu."