Ƙwallayen Dabino Arba'in da Ɗaya

Akwai wani dutse da ya leƙo daga ƙasa a ƙofar wata makarantar firamare a unguwar Umbadda, kuma Gwadabe maigadi bai taɓa yarda a tone shi ba. Kowane sabon ɗan aji ɗaya sai ya yi tuntuɓe da shi kafin wata ya ƙare. Idan ya faɗi ya kira uwarsa da Larabci, "yumma", sai Gwadabe ya karkaɗe masa riga kawai. Idan kuwa "wayyo Iya" ta suɓuce masa, sai tsohon ya jefa ƙwallon dabino a gwangwanin madara. Haka yake ƙirga 'ya'yan Hausawa, kowace shekara da gwangwaninta. Na bana ya fi duka nauyi.

Ran Lahadi Ustaza Hafiza ta same shi yana shan shayi. Ita ce malamar da ke yi wa ƙanana bayanin darasi da Hausa har kunnensu ya saba da Larabci.

"Baba, ɗauko gwangwaninka. An aiko wata mata daga ofishin ilimi. Wai masu Hausa a gida sun ƙare, za a mayar da ni makarantar Alsawra."

Baƙuwar, Basma, ta buɗe rajista a ofishin shugaban makaranta. Yaran da aka rubuta Hausa ce harshen gidansu, shekarun baya talatin da takwas ne, sai ashirin, sai tara. Bana biyu. In ba su kai goma sha biyar ba, babu dalilin ajiye Hafiza.

Gwadabe ya zazzage gwangwanin a kan tebur. Basma ta ƙirga da gindin biro, tana murmushi. Arba'in da ɗaya.

"Ya Hajj, ban ƙaryata dabinonka ba. To me ya hana iyayen su faɗi haka a rajista?"

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai," in ji Hafiza.

Gwadabe ya sunkuyar da kai. A aji uku ya bar karatu, ranar da malami ya tsayar da shi ya maimaita yadda ake gaisuwa da Hausa a gidansu, yara suna dukan benci don dariya.

Basma ta juya shafi. "Malak Isma'il Gwadabe. Jikarka? Harshen gida, Larabci. Wannan sa hannun na wane ne?"

"Nawa ne." Ya gyara rawaninsa. "Sauran ma ni ne. Duk ranar rajista ina zaune a ƙofa. Nakan ce musu, in an tambaye ku, ku ce Larabci."

Hafiza ta dube shi.

Basma ta ba su zuwa Alhamis iyaye su zo su gyara. Gwadabe ya bi gida gida da la'asar. Indo mai ƙosai ko tashi daga gaban kasko ba ta yi ba.

"Kai ka koya mana, Baba, kuma ka yi gaskiya. Ba wanda ya taɓa tsokanar 'yata Zahra. Yanzu in je in ce ƙarya na yi?"

Ran Alhamis shi kaɗai ya shiga ofis. Biyu ta zama uku.

Hafiza ta fito da azahar rungume da littattafanta, tana waigen raksha, keken haya mai ƙafa uku. Dutsen ya kama takalminta.

"Wayyo Iya," ta ce a hankali.

Hannun Gwadabe ya shiga aljihu da kansa, ya taɓo ƙwallon dabino. Bai fito da shi ba.