Shawarar Kawu a Kan Tambaya Ta Sha Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai na yi a ofishin adana fayilolin ɗalibai na wata kwaleji, saboda haka duk takardar da ke da layin sa hannu a danginmu, wurina ake kawo ta. Ban taɓa ƙi ba. Gaskiya ma daɗi nake ji. Mutum ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, in babu mai tambayarsa komai sai ya koma sa ido a kan yadda ake shanya a tsakar gida.

Wata Asabar da hantsi ƙanwata ta zo da 'yarta, Auta. Ƙanwata tela ce, kullum da guntun zare a jikin mayafinta. Auta kuwa ta gama digirinta a kwalejin da na yi aiki, da sakamakon da ko maƙiyi ya gani zai yi shiru. Makarantar likitanci take nema. Tun tana firamare ba ta da wata magana sai wannan.

Ta shimfiɗa fom ɗin a kan teburina. Komai a cike yake tsaf, sai tambaya ta sha ɗaya: shin makaranta ta taɓa ɗaukar matakin ladabtarwa a kanki? Ga akwatin E, ga akwatin A'a.

"Mene ne abin tsayawa a nan?" na ce.

Ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta amsa. "Yaya, ai ka tuna zancen rajistar nan."

Na tuna. A shekararta ta biyu, ƙawarta ta kai mahaifiyarta asibiti, sai Auta ta sa mata hannu a rajistar ɗakin gwaje-gwaje kamar ta zo. Malamin ya gane rubutun. Kwamiti ya zauna, aka ba su biyun takardar gargaɗi. Shi ke nan fa laifin.

Auta ta zaro wata takarda daga jakarta. "Kawu, na rubuta bayani. Zan zaɓi E, in haɗa da wannan. Duba min kawai nake so ka yi."

Na karanta. Shafi ɗaya ne, ta faɗi abin da ta yi ba kwana-kwana, ta ce ta yi kuskure. Na yi dariya, har da buga tebur.

"Ke, wa ya aike ki? Mutum dubu na neman kujera ɗari, ke kuma ki kai kanki ƙara? Suna ganin E za su tura fayil ɗinki gefe, ba wanda zai karanta wannan waƙar taki."

"Amma Kawu, an ba ni gargaɗin."

"An ba ki, an kuma cire. Takardar gargaɗi ruwan ɗorawa ce, da allura ake maƙala ta a bangon fayil. In shekara ta zagayo ɗalibi bai sake laifi ba, sai a zare ta a yaga. Da hannun nan nawa na yaga sun fi ɗari uku. Abin da babu shi a fayil, bai faru ba."

Ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Ke kin fi Kawunki sanin ofis ne?"

Ta daɗe riƙe da biro. Sannan ta ja layi a akwatin A'a, ta sa hannu a ƙasa, wurin da aka rubuta cewa duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni kuma na ninke takardar bayanin na jefa a kwandon shara, ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yaro daga rijiya.

An kira ta ganawa. Ta dawo da murna, ta ce sun yaba amsoshinta. Sai dai wata likita a cikin masu tambayar ta ce mata, "Akwai abin da kike son gyarawa a fom ɗinki?" Ta ce babu. Na ce haka suke tambayar kowa.

Bayan mako uku wasiƙa ta iso. Layi biyar ne. Ba a ɗauke ta ba, domin bayanin da ta bayar ya saɓa da rahoton da kwalejinta ta aiko. Kuma za a ajiye wannan a tarihin nemanta.

Washegari na sa babbar rigata na nufi tsohon ofishina, raina a ɓace, don in ji wane sakarai ne ya manta bai zare takarda ba. Ɗakin na nan yadda na bar shi, har fankar da ke kuka. Amma an kwashe rabin kabad-kabad ɗin ƙarfe, kuma a kujerata wata matashiyar ma'aikaciya ce zaune gaban kwamfuta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ɗauko fayil ɗin Auta. Babu takarda ruwan ɗorawa, sai ramin allura.

"To kin gani!" na ce. "Me ya sa kuka rubuta musu abin da aka riga aka cire?"

Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga shi nan, da kwanan wata da lambar zaman kwamiti.

"Baba, takardar bangon fayil ai tunatarwa ce kawai. Hukuncin yana cikin littafin kwamiti, mu kuma mun shigar da littafin gaba ɗaya a nan."

"A zamaninmu bayan shekara ɗaya gogewa ake yi."

Ta buɗe durowa ta fito da kundin dokokin kwalejin, tsohon bugu, irin wanda ya yi shekaru a kan teburina ina ɗora kofin shayi a kansa. Ta nuna min sakin layin. Babu inda aka ce a goge. Babu shekara ɗaya, babu ma zancen yagawa. Tsohon shugabanmu ne ya koya mana haka ranar da na fara aiki, don tausayin yara, ni kuma na koya wa na bayana. A lokacin, in aka tambayi tarihin ɗalibi, fayil kawai muke dubawa, ba mai hawa bene ya buɗe littafin kwamiti. Shekara ashirin da bakwai ina aiki da al'adar ofis ina kiranta doka.

Daga nan na wuce makarantar likitancin. Na yi awa biyu a benci kafin jami'in ɗaukar ɗalibai ya gan ni. Na faɗa masa komai, na ce laifina ne, yarinyar ta so faɗin gaskiya ni na hana ta.

"Baba, sa hannu a rajista ba ya hana mu ɗaukar mutum," ya ce. "A bana ma mun ɗauki masu irin wannan gargaɗin. Sun faɗa, sun yi bayani."

"To ku hukunta ni, ku bar ta."

"Kai ka sa hannu a fom ɗin?"

"Ba ni ba ne," na ce.

"Gobe tana asibiti, babban likita ya ce ta canza abin da ke rubuce a katin majiyyaci, don ya fi ta sanin aiki. Me za ta yi? Mun ma ba ta dama ta biyu a wurin ganawa."

Na so in zage shi, wallahi. Na nemi abin da zan kama a maganarsa na rasa, wannan ya fi komai ƙona min rai.

A shagon ƙanwata na ji sauran. Ƙawar nan da aka sa wa hannu, wadda ita ce ma ba ta je aji ba, ita ma ta nemi makarantar, ta zaɓi E, ta rubuta 'yan layukanta. An ɗauke ta. Ƙanwata ta faɗa min haka ba tare da ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba, kuma ba ta ce in zauna ba.

Auta na can ciki tana guga. Ta ajiye dutsen, ta gaishe ni kamar kullum. Da ta yi min tsawa da na fi samun sauƙi.

"Zan rubuta musu wasiƙa," na ce. "In sa hannu, in ce ni na sa ki. Baɗi sai ki haɗa da ita."

"Baɗi akwai wata tambayar, Kawu. Ta sha biyu. Ko an taɓa ƙin ɗaukarki saboda bayanin ƙarya. Bana na tsallake ta ko karantawa ban yi ba."

"Shi ya sa na ce wasiƙata..."

"Me za ka rubuta? Cewa ban sani ba?" Ta girgiza kai. "Kai ne ba ka sani ba, Kawu. Kai ka yarda da abin da ka faɗa. Ni na san an ba ni gargaɗin, ina wurin aka ba ni. Na sani lokacin da nake jan layin, na sani lokacin da matar nan ta tambaye ni."

Ta ɗauki dutsen gugar ta ci gaba da aikinta.

"Ka bar wasiƙar," ta ce. "Kada a yi ƙarya ta uku."