Awon Sitacin da Ke Yatsuna

Shekara ashirin da uku ina kan injin kwaɓi a kamfanin allon bango. Ni ke zuba sitaci cikin kwaɓin fulasta, don shi ke manne takarda a jikin allo idan ya bushe. In ya yi kaɗan, takarda ta ɓare. Kowane buhu da halinsa, ni kuwa da na murza garin a yatsu na san abin da zan zuba.

Ban taɓa koya wa kowa ba. Wayo na yi, don kada a sallame ni.

Yanzu ƙura ta cinye mini ƙirji, likita ya ce in bar aikin. Kwana biyu na yi a gida, allo ɗari huɗu suka ɓare. Manaja ya ce, "Baba, koya wa sabuwar injiniyarmu, ranar da ta iya ka tafi da duk haƙƙinka."

Ta zo da sikeli da littafi. "Kilo nawa, Baba?"

Na murza. "Wannan buhun yana son ƙari."

"Ƙarin nawa?"

"Har ya yi daidai."

"Baba, daidai ba lamba ba ce. Ko yatsun za ka bar mana?"

Muka yi dariya, tawa ta ƙare da tari. Mako uku muna fama, nata na ɓarewa, nawa na kamawa. Wallahi yanzu ba ɓoyewa nake ba. Na nemi abin a bakina, babu shi.

Takardar likita na aljihuna. Na ɗaura ƙyalle a hanci, na farke wani buhun.