Sabis Ɗin Kan Tsauni

Baba ne ya kawo maganar tafiyar. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin safiyo, wato awon ƙasa, kafin ya yi ritaya, kuma akwai wata hanya a cikin gandun daji da shi da abokan aikinsa suka auna tun yana saurayi. Ya ce yana so ya sake taka ta da ƙafarsa kafin gwiwa ta ƙi. Kwana biyar ce tafiyar, kowa da jakarsa a goye, inda rana ta faɗi nan za a kafa tanti.

Babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, nas ce. Ta yi ta hana shi har ta gaji, da ta ga ba zai hanu ba sai ta ɗauki hutu, ta haɗa bandeji da magunguna ta ce da ita za a je. Auta kuwa ba wanda ya gayyace shi. Ɗan shekara talatin ne, ba ya aikin komai sai ɗora bidiyo a intanet, yana da mabiya da yake faɗin yawansu ko ba a tambaye shi ba. Ya ce zai zo ya riƙe wa Baba jaka. Umma ta ji daɗi, ta ce Allah ya yi masa albarka.

A ƙofar gandun aka haɗa su da jagora, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana. Kafin su ɗaga ƙafa ya ce musu, "Daga nan zuwa inda za mu fita babu sabis. Wuri ɗaya ne kawai ake samu, a kan wani tsauni, rana ta uku. Ku kashe wayoyinku, ku adana cajin."

Yaya ta kashe tata. Auta ya yi dariya ya ce tasa wayar ba irin ta kowa ba ce.

Kwana biyun farko, abin da Yaya ta fi gani a jikin ƙanenta shi ne hammatarsa. Kullum hannu a sama, yana juya waya gabas da yamma kamar mai kiran ruwa. Ya hau suri, ya hau kututture, har bishiya ya hau tururuwa suka sauko da shi. Baba yana gaba da sandarsa, yana nuna musu tsofaffin turakun siminti da shi da abokan aikinsa suka kafa, yana share gansakuka da yatsa don su ga lambar. Ya ce wannan shi ya haƙa raminsa, ranar ma zazzaɓi yake yi. Ya juyo don ya ga ko Auta ya ji, sai ya tarar da shi can baya yana tsaki yana girgiza waya.

Jakar Baba da ya ce zai riƙe, tun tsakar ranar farko ta koma kafaɗar jagora. Da cajin wayarsa ya ƙare wajen neman sabis da ɗaukar kansa hoto, ya zuƙe pawa bank ɗinsa, ya dawo kan na Yaya. Ta ce masa na gaggawa ne. Ya ce, "Haba Yaya, wace gaggawa a nan? Ko biri ne zai haihu?" Da safe ta tarar ya ɗauka. Tata wayar kuma ya kunna ta ya yi fitila da ita ya bar ta a kunne, ta mutu murus.

Rana ta uku da hantsi suka iso wani rafi mai duwatsu masu santsi. Jagora ya haye, ya ajiye kaya, ya juyo zai kama hannun Baba, amma Baba ya riga ya taka. Ƙafarsa ta zame ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikinsa ya tafi gefe guda. Yaya ta ji ƙarar daga inda take, kuma ta san ƙarar. Jagora ya faɗa ruwan har ƙirji ya ɗago shi, su biyu suka ja shi bakin gaɓa. Ƙashin ƙwauri ya karye, ƙafar ta juya inda bai kamata ba. Wandonsa ya yage har cinya, kuma don tsananin azaba fitsari ya kufce masa. Mutumin da Yaya ba ta taɓa ganinsa ko da singileti a tsakar gida ba, ga shi kwance cikin taɓo yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ta warware mayafinta ta rufe shi da sauri.

"Auta, miƙo min jakata!"

Sai da ta faɗa sau biyu kafin ya zo.

Ta ba Baba maganin ciwo, jagora ya saro sanduna biyu suka ɗaure ƙafar. 'Yar ƙaramar wayar jagora ta sha ruwa a aljihunsa, ko motsi ba ta yi. Wayar Auta ce kaɗai ta rage, cajinta ya ɗan haura rabi. Jagora ya nuna masa tsaunin, ya ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce, hanya ɗaya ce ba ta ɓata mutum, a can sama akwai wani faffaɗan dutse, nan ake tsayawa. Ya rubuta masa lambar ofishin gandun a takarda, ya ce, "Ka ce musu mashigin rafi na uku, ƙasa da tsohon turke. Sun san wurin. In suka taso yau, gobe da sassafe suna nan."

Yaya ta riƙe hannun ƙanenta. "Ka kira, ka yi ta kira har sai an ɗauka. Kada ka taɓa komai a wayar nan sai wannan."

"Haba Yaya, ubana ne fa."

Ya tafi kafin azahar. Bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Ya zube a ƙasa yana haki, ya ce sabis ɗin banza ne, sanda ɗaya ce tana zuwa tana ɗaukewa, ya yi ta kira ba ya shiga. Yaya ta tambayi caji. Ya ce saura tara. Ta dube shi, ya kau da kai ya ce neman sabis ne ke cin batir, kowa ya sani. Jagora ya ci gaba da hura wuta.

Da gari ya waye ƙafar ta kumbura ta yi suntum, yatsun sun yi sanyi, jikin Baba kuma ya ɗauki zafi. Yaya ta nuna wa jagora yadda zai riƙa duba yatsun da lokacin ba da magani, ta je ta tsaya a kan Auta.

"Ba ni wayar."

"Bari in sake hawa, Yaya, ke ba ki san inda ake tsayawa ba."

"Ba ni, ka buɗe min ita."

Ya yi ta 'yan kame-kame, wai wayar tana da wuyar sha'ani. Baba ya buɗe ido daga inda yake kwance ya ce, "Ba ta." Ya ba ta.

Ta hau tsaunin ba ta tsaya ko shan ruwa ba. Tana ɗora ƙafa a kan faffaɗan dutsen ta kunna wayar, sai wayar ta fara rawa a hannunta kamar an taɓa gidan rina, saƙo a kan saƙo. Sanda uku ce cif. Ba ta duba komai ba, ta buga lambar ofishin. Bugu biyu aka ɗauka.

Ta fara bayani, mutumin ya katse ta. "Tsaya, ke 'yar tsohon nan ce na cikin bidiyo?"

"Wane bidiyo?"

"Baiwar Allah, tun jiya da la'asar mutane suka hana mu sakat da waya. Wai dattijo ya karye a dajinmu. Muka ce a ina? Ba wanda ya sani. Wanda ya ɗora ya rubuta wai can cikin ƙungurmin daji kusa da wani rafi. Rafi nawa ne a dajin nan? Mun tura mutum shida tun jiya, sun nufi ɓangaren gabas. Kuna ina?"

Ta faɗa masa. Ya yi salati, ya ce ai sun yi hannun riga, sai an kira su ta rediyo su juyo, ba za su iso ba sai yamma. Ya ƙara da cewa, "Da jiya aka gaya mana haka, da yanzu an ɗauko shi ana hanyar asibiti."

Ta zauna a kan dutsen. Saura caji shida. Ta buɗe jerin kiran da aka yi. Lambar ofishin sau ɗaya ta fito, jiya da ƙarfe ɗaya da minti goma, ba a ɗauka ba, ba a sake ba. Ta buɗe shafin Auta.

Ga Baba cikin taɓo, kafin ta rufe shi. An matso da hoton kan ƙafar, an gangaro kan yagaggen wandon da jiƙar da ke gabansa, an koma kan bakinsa yana kiran uwarsa. Ga muryarta tana cewa a miƙo mata jaka. An sa wani kiɗa mai taushi a ƙasa. Daga nan sai fuskar Auta a kan wannan dutsen da take zaune, yana share ido, yana cewa shi kaɗai ya rage wa mahaifinsa, a taya shi da addu'a, a kuma tura wa wasu. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, amin, na gode, amin. A cikin ma'ajiyar hotuna ta ga ya ɗauki kukan nasa har kashi biyar. A na uku ya tsaya a tsakiya ya gyara hula, ya sake farawa.

Ta sunkuya gefen dutsen ta yi amai, ba abin da ya fito sai ruwan shayin safe.

Wayar ta yi ƙara, Umma ce. Muryarta ta dishe. Ta ce maƙwabciya ce ta shigo mata da waya jiya ta nuna mata, tun lokacin ba ta sa komai a bakinta ba, ta kira Auta ya fi sau ashirin. Yaya ta ce, "Yana da rai, Umma, karaya ce, masu ɗaukarsa suna hanya." Ba ta kai ga ƙarasa sauran ba wayar ta mutu.

Da ta sauko, Auta yana zaune nesa da tanti yana fere wani tsinke. Ta ajiye masa wayar a gabansa a ƙasa, ba ta miƙa masa a hannu ba.

"Yaya, wallahi na kira."

"Sau ɗaya."

"To ai ba su ɗauka ba. Kuma ba ga shi saboda bidiyon aka san halin da muke ciki ba? Ke ba ki san yadda abin nan yake aiki ba."

Ta tuna Baba yana jin su. Ta wuce ta duba yatsun ƙafar.

Mutanen gandun sun iso da la'asar sakaliya, jiƙe da gumi, sun kwana suna bulayi a inda ba kowa. Washegari suka fito da Baba a kan shimfiɗar ɗaukar majinyaci, suna karɓa-karɓa, har inda mota take iya zuwa. Likitan ƙashi ya ce za a ceci ƙafar, amma jinkirin ya sa sai an yi aiki sau biyu, kuma sandar da Baba ke riƙewa don sha'awa yanzu ta zama ta dole.

Yaya ta gargaɗi kowa kada a gaya masa. Kwana huɗu asirin ya rufu. Rana ta biyar wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, tun daga ƙofa ya ce, "Kai, mutumina, na gan ka a waya, wallahi sai da na yi hawaye." Baba ya ce a nuna masa. Ba wanda ya motsa. Ya miƙa hannu, abokin ya ba shi tasa. Ya sa tabarau, ya kalla tun daga farko har ƙarshe, ya mayar masa ya ce ya gode da zuwa. Da mutumin ya fita ya ce wa Yaya, "Ja min labulen nan. Duk wanda ya zo ki ce ina barci." Abincin rana ya huce a kan kwabar gefen gado.

Ta fito baranda ta tarar da Auta ya jingina da bango inda haske ya fi kyau, waya a sama, yana yi wa mabiyansa bayani kai tsaye cewa jikin Baba da sauƙi, addu'arsu ta karɓu. Ya hango ta ya juyo da wayar. "Ga yayata nan, ita ce nas ɗin. Yaya, ki ce musu wani abu."

Ta tsaya. Ta dubi wayar sosai ta ce, "An ba shi lambar masu ceto. Sau ɗaya ya kira. Awa huɗu ya yi a inda akwai sabis yana amsa muku amin, mahaifinsa yana kwance da karaya. Kukan da kuka gani sau biyar ya gwada shi."

Ya katse da sauri, ya bi ta da ido baki buɗe. Ta wuce kantin magani ta karɓo allurar Baba.

Kwana biyu bai zo asibitin ba, har Umma ta fara cewa ko an yi masa tsanani da yawa. Rana ta uku Yaya tana wanke kofuna a famfon bayan ɗakin majinyata sai ga shi, fes da shi, yana ƙamshin turare. Ta ɗauka haƙuri ya zo bayarwa, har ta kashe famfon.

"Yaya, kin san wani ya yanki maganar nan taki ya ɗora? An zage ni kam, ba ƙarya. Amma masu kallonta sun ninka na bidiyon farko sau uku." Ya matso yana murmushi. "Da za ki yarda mu zauna mu biyu, ki faɗi naki in faɗi nawa, a ƙarshe mu shirya…"

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta kunna famfon, ta ɗauraye kofin ƙarshe, ta kwashe su a tire. Da ta zo wucewa ta raɓe jikin bango don kada rigarta ta taɓa tasa. A ƙofar ɗakin ta ce wa mai gadi daga yau ita da Umma kaɗai za a riƙa bari su shiga, sannan ta tura ƙofar da kafaɗa, ta je ta ga ko Baba zai yarda ya sha ko da shayi ne.