Amfilifayar Baba

A gidan ana kiransa Injiniya, ba don ya taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Fanka ya taɓa gyarawa tun yana saurayi, sunan ya bi shi, shi kuma ya ɗauki abin da gaske. Sana'arsa sayar da magani ce. Amma in abu ya lalace a gida, babu wanda ya isa ya ambaci mai gyara.

Mahaifinsa yana zaune da su tun da yanar ido ta rufe masa gani. Abin da tsohon ya zo da shi bai wuce kayan sawa ba, sai wata amfilifaya mai haɗe da rediyo, da sifikoki biyu masu akwatin katako. Nauyinta kamar buhun siminti. Baba da yatsu ya san ta: abin murɗawa na hagu kunnawa, ƙaton na tsakiya ƙara murya, na ƙarshe neman tasha. Da safe zai lalubo kujerarsa a falo, ya kunna abarsa, ya sauya tasha yadda ransa ya so. A duk gidan, wannan kaɗai yake yi ba tare da ya kira wani ba.

Sai Injiniya ya sayo sabon talabijin, ƙato, siriri, mai murya kamar ta sauro. Ya ce ai sai a jona shi da kayan Baba. Yana jonawa falon ya ɗauki ƙugi, zuuu, irin wanda ke shiga har cikin haƙori. Ko rediyo aka koma, ƙugin na nan ƙarƙashin magana.

Ya sauya wayar da ta haɗa su. Ya kwance bayan amfilifayar ya hure ƙura, ya bubbuga ta. Daga nan ya yanke hukunci.

"Baba, wannan ta gama yayi. Cikinta ya mutu."

"Jiya lafiyarta ƙalau," in ji tsohon.

"Ai haka tsufa yake, rana ɗaya yake nuna kansa."

Matar Injiniya ta harari mijinta, bai ma lura ba. Ta ce, "To a mayar wa Baba da ita ɗakinsa mana, kai ka nemi taka."

"Ya je can ya yi ta shan ƙugi? Ki bar ni da aikina."

Ya tafi ya sayo sabuwa, baƙa, sumul, babu abin murɗawa ko ɗaya sai rimot. Ranar kuwa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layin da amalankensa. Injiniya ya ce, "Baba, zan fitar da ita, tana cin wuri."

"Gidanka ne," in ji Baba. Aka loda ta da sifikokinta a amalanke.

Sai da ya samu sarari a ƙarshen mako ya haɗa sabuwar. Ya kunna. Zuuu. Ƙugin nan ne dai, ko muryarsa bai sauya ba.

Yanzu ne ya yi abin da ya kamata ya fara da shi: ya durƙusa bayan talabijin yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana zare wayar eriya, wadda ta sauko daga rufin gida, falon ya yi tsit. Ya mayar, ƙugi ya dawo. Ya sake zarewa, tsit. Ashe ta nan wutar ke samun wata hanya, ta bi talabijin ta sauka a sifika. Ko wace amfilifaya aka jona, kukan da za ta yi ke nan.

Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa filin masu ƙarafan. Mutumin ya gane shi, ya kai shi bayan rumfa. Ga gangar jikinta can a kan tuli, an farke cikin an warware jan ƙarfen. Sifikokin an ciro maganaɗisunsu, katakon ya tafi wurin masu hura wuta.

"Mu ba ma ajiye kaya, maigida. Abin da ya shigo, ranar ake fasa shi."

Injiniya ya dawo gida. Kunya da baƙin ciki suka hana shi shiga kai tsaye, ya daɗe a bakin ƙofa. Da ya shiga, ya tsuguna kusa da kujerar.

"Baba, ba laifinta ba ne. Wayar eriya ce. Na je in karɓo ta, na tarar sun fasa."

"To," in ji tsohon. "Allah Ya sa haka ya fi alheri."

Da ma faɗa ya yi masa, da ya fi sauƙi.

Washegari Injiniya ya fito zai tafi shago, ya tarar da Baba a kujerarsa, rimot a hannu. Babban yatsansa na ta yawo a kan ƙananan maɓallan, duk girmansu ɗaya, duk santsinsu ɗaya. Ya ji tafiyar ɗansa, ya miƙo masa.

"Kafin ka fita ka kunna min. Ka bar ta a tasha ɗaya kawai, kada in yi ta kiran matarka tana aiki."